Saidu Keita, mai hoton Bamako da ba ya ɗauka sau biyu

A azumin bara wayata ta faɗa cikin bokitin ruwa. Kafin Sallah na samu wata, don haka wayar kanta ba ta hana ni barci ba. Abin da ya tafi da ita ne ya tsaya mini a rai: hotunan kusan shekara huɗu, da na sunan 'yata, da na walimar saukar ƙanena, da hoto na ƙarshe da na ɗauki mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa a cinya. Na kai ta wurin masu gyara biyu a kasuwa. Na farko ya karɓi kuɗina ya riƙe ta sati uku yana ce mini gobe, na biyu ya gaya mini gaskiya tun ranar farko. Yaran gida suka yi ta tambayata don me ban tura hotunan intanet na ajiye ba. To, ban ajiye ba, shi ke nan.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki na je gaishe da gwaggona a zango, na tarar ta buɗe tsohuwar adakarta ta ƙarfe tana neman wata takarda. A ƙasan zannuwa sai ga wani ɗan kati da bai fi tafin hannu ba, baƙi da fari, gefensa ya ɗan yi ja-ja. Kakata ce tana budurwa, ta ɗaura kallabi ya miƙe sama, ta ɗora hannu a kan wata ƙatuwar rediyo. Gwaggo ta yi dariya ta ce rediyon ba ta gidanmu ba ce, ta mai hoto ce, kowa da ita yake ɗauka. An ɗauki wannan hoto tun Gana ba ta samu 'yancin kai ba. Ya sha damina sama da sittin a cikin adaka, ya yi ƙaura gida uku, amma har zanen atamfar jikinta ana iya gani ɗaya bayan ɗaya. Nawa kuwa na shekara huɗu bokiti guda ya cinye su.

Wannan kati shi ya kai ni ga karanta tarihin mutumin da duniya ta yarda shi ne uban masu irin wannan hoto a Afirka ta Yamma. A takarda ana rubuta sunansa Seydou Keïta, irin rubutun Faransawa. Mu Saidu za mu ce, kuma haka zan kira shi.

An haifi Saidu Keita a Bamako wajen 1921. A lokacin ba a san ƙasar da suna Mali ba, Sudan ta Faransa ake ce mata, kada mai karatu ya ɗauka Sudan ta Khartoum ce wadda kakanninmu suke ratsawa a ƙasa in za su Makka. Shi ne babba cikin 'ya'ya biyar na wani kafinta. Bai shiga makarantar boko ba. Tun yana ɗan shekara bakwai yake bin mahaifinsa da zarto da guduma, kuma ni a ganina duk wanda ya dubi hotunansa da kyau zai ga hannun kafinta a ciki. Kafinta ya san katakon da aka yanke ba ya komawa, don haka duk tunaninsa yana yin sa ne kafin zarto ya taɓa itace. Haka Saidu ya yi da fim duk rayuwarsa.

A 1935 wani kawunsa mai suna Tiemoko ya dawo daga Senegal da kyamara ƙirar Kodak Brownie, ta ƙare a hannun yaron. Brownie ɗan akwati ne kawai mai ƙaramin gilashi a gaba, babu abin murɗawa na a-zo-a-gani. Kamfanin Kodak ya fara fitar da ita a 1900 a kan dala ɗaya, da nufin ko yaro ya iya ɗaukar hoto. Fim ɗin da Saidu yake sa mata hoto takwas yake ɗauka, in ya ƙare sai a kai wanki, a jira, a ga abin da Allah ya yi. Na farko-farko da yawa ba su yi kyau ba. Wani ya motsa, wani rana ta ƙone masa fuska, wani kuma ya fito ba a gane shi. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa ya sha rigima da mutanen da suka biya kuɗi suka ga abin da bai yi kama da su ba. Wanda ya taɓa ɗinka wa mace kayan Sallah ya ɓata, ya san irin wannan rigima.

Mutum biyu suka ɗora shi a hanya. Ɗaya Bafaranshe ne, Pierre Garnier, mai shagon sayar da kayan hoto a Bamako, wurinsa ake sayen fim da takarda da ruwan wanki. Ɗayan kuma ɗan ƙasa ne, Mountaga Dembélé, malamin makaranta kuma mai hoto, wanda ya nuna masa sirrin ɗakin duhu, har ya bar shi yana aiki da nasa. Shekaru da dama Saidu yana haɗa sana'a biyu, katako da kyamara, har ta biyun ta rinjayi ta farkon.

A 1948 ya buɗe wurinsa a wani yanki na filin gidansu a unguwar Bamako-Kura, wato Sabuwar Bamako da harshen Bambara, bayan babban gidan yari. Wurin ya dace da kasuwa ƙwarai. Tashar jirgin ƙasa tana kusa, babbar kasuwa tana kusa, ga kuma gidan silima inda matasa suke kallon yadda taurarin fim suke tsayuwa da yadda suke karkata hula. Jirgin ƙasan da ya haɗa Dakar da Bamako yana sauke fatake da ma'aikata da sojoji, kowa yana so ya koma gida da shaidar cewa ya shiga birni. Saidu yana da yaran da suke zuwa tasha da samfurin hotuna suna nuna wa baƙi. Ranar Asabar kuwa layi ake yi a ƙofarsa.

Bari in ɗan tsaya a kan kyamarar da ya yi suna da ita, don a nan ne maganar take. Ba irin wadda ake ratayawa a wuya ba ce. Babban akwati ne a kan ƙafa uku, mai hoto yana lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle ya leƙa ta baya, inda zai ga mutum a kan gilashi, kai a ƙasa ƙafa a sama. A haka zai daidaita komai. In ya gamsu sai ya zura fim, falle guda, mai faɗin santimita 13 da tsawon 18, wato kusan girman shafin ƙaramin littafi. Kyamarar tasa abin da ke buɗewa ya rufe da kansa don haske ya shiga ya lalace, saboda haka da hannu yake cire murfin gilashin, ya ƙidaya a zuciyarsa, ya mayar. In ya daɗe hoto ya ƙone, in ya yi sauri ya yi duhu. Babu wani allo da zai nuna masa sakamako, babu mai gaya masa ko an ƙifta ido. Kuma fim daga Turai ake kawo shi, da tsada. Shi ya sa mutum ɗaya, tsayuwa ɗaya, falle ɗaya. Ba ya ɗauka sau biyu.

Ku kwatanta da abin da muke yi a wurin biki yau. Amarya za ta tsaya, ƙawaye goma su ɗaga waya, kowace ta danna sau talatin, a tura wa juna, a zaɓi biyu, sauran su zauna a waya har ranar da za ta ce wuri ya cika a goge. Mun mayar da tunanin zuwa bayan ɗauka. Shi kuwa tilas ya yi shi kafin ɗauka, kuma wanda ake ɗauka shi ma ya san haka. Yana tsaye ya riƙe numfashi, ya san kuɗinsa da kwalliyarsa da tafiyar da ya yi duk suna rataye a kan wannan ɗan lokaci da murfi yake hannun mai hoto. Wannan natsuwa ita ce ake gani a fuskokin mutanen Saidu, kuma ita na gani a fuskar kakata. Ba fushi suke yi ba, kamar yadda yaranmu suke zato in sun ga tsofaffin hotuna. Mutum ne ya tara kansa wuri ɗaya.

Yadda abin yake aiki kuwa ba sihiri ba ne, ko da yake kakanninmu da yawa sun yi masa kallon haka. Fim wata 'yar leda ce da aka shafa wa wani abu mai kama da ƙaro, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa waɗanda haske yake canzawa. In haske ya taɓa su ba a ganin komai tukuna. Sai an shiga ɗakin duhu an tsoma fim a ruwan magani na farko, wuraren da haske ya taɓa su koma baƙar azurfa. A tsoma a wani ruwan ya tsayar da aikin, a tsoma a na uku ya wanke sauran gishirin da haske bai taɓa ba don kada hoton ya ci gaba da baƙi, sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa a shanya. Daga nan muka samu kalmar wanke hoto, wadda har yau muke faɗa ko da na'ura ce ta buga shi ba tare da ɗigon ruwa ba. Abin da ya fito shi ne nagatif, inda fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Da yake nagatif ɗin Saidu babba ne, ba ya bukatar na'urar ƙara girma. Sai ya kwantar da shi kai tsaye a kan takardar hoto, ya haska, ya wanke, hoto ya fito daidai girman fim. Da dare yake wannan aiki bayan ya sallami jama'a, da safe a zo a karɓa.

Ya fi son hasken rana a kan fitila, don haka yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi. Labulen farko da ya rataya a bayan mutane zanen gadonsa ne, mai geza. Daga baya ya riƙa sayen yadi mai zanen ganye ko furanni ko wasu lauje-lauje, yana canzawa bayan shekara biyu ko uku. Da tsufa ya zo, in aka nuna masa hoto aka tambaye shi shekarar, labulen yake dubawa ya faɗa.

Sai kuma kayan aro, irin rediyon kakata. Saidu ya tara su da yawa: agogon hannu, alƙalami na sawa a aljihu, tabarau, tarho, rediyo, furen roba, kwat da nakatai na Turawa, keke, babur ƙirar Vespa, har da motarsa Peugeot 203 wadda mata suke jingina da ita. A wani hoto na mata a gaban motar, in ka duba jikin ƙarfenta mai sheƙi za ka hango shi kansa a sunkuye bayan kyamara. Akwai wani saurayi cikin farin kwat da tabarau, alƙalami a aljihu, ya ɗaga fure guda a hannu. Akwai wani ƙaton mutum cikin babbar riga ya ɗora 'yar jaririya a cinya yana murmushi, rigar ta cika hoton kamar tanti. Akwai wata mata kishingiɗe a kan bargo mai gida-gida baƙi da fari, rigarta mai furanni, labulen bayanta mai wani zanen daban, abu uku da in ka ji labarinsu za ka ce za su yi faɗa a ido, amma suka zauna lafiya. Wannan haɗa zane a kan zane shi ne abin da Turawa suka fi yaba masa, alhali duk wata mata a zango da ta taɓa zaɓen kallabin da zai hau atamfa ta san wannan ilimi, sai dai ba ta da kyamara.

Na taɓa jin wani yana cewa ai wannan ƙarya ce, mutum ya tsaya da babur ɗin da ba nasa ba. Ni ban ɗauke shi haka ba. Kowa a Bamako ya san Vespar Saidu, kamar yadda gwaggona ta san rediyon mai hoton zango, babu wanda aka yaudara. Abin da mutum yake cewa shi ne ga inda na dosa. Kuma a tuna lokacin. Hotunan baƙar fata da Turawan mulki suka saba ɗauka, waɗanda ake bugawa a katin wasiƙa a aika Faransa, an ɗauke su ne don a nuna ƙabila da tsagar fuska, ba a tambayi mai fuskar ko yana so ba. A tsakar gidan Saidu mutum shi ya zo da ƙafarsa, shi ya biya, shi ya zaɓi tufafinsa. Aikin mai hoto shi ne ya fito da shi da kyau. Saidu yakan ɗan juya mutum gefe kaɗan, ya gyara masa zaman hannu don zobe ya fito, ya baza wa mace zane don a ga yawan yadin. Ya yi alfahari da cewa ya san tsayuwar da ta dace da kowane jiki, kuma hotunan ba su ƙaryata shi ba.

Wani abu da ya yi wanda ba dole ba ne, shi ne ya ajiye nagatif. Mai hoto yana iya ba da kati ya jefar da ledar, ko ya bar ta a kwali ƙura da zafi su cinye. Saidu ya adana nasa dubbai a cikin akwatin ƙarfe, don in mutum ya dawo neman ƙari a wanke masa. Sunayen mutanen ne bai rubuta ba. Za mu dawo kan wannan.

Mali ta samu 'yancin kai a 1960 ƙarƙashin Modibo Keita. A 1962 gwamnati ta ɗauki Saidu aiki a matsayin mai hoton hukumar tsaron ƙasa, kuma a zamanin irin wannan kira ba a cika ce masa a'a ba. Ba da daɗewa ba, a 1963, aka rufe shagon. Wato duk sunan da ya yi a duniya a kan aikin shekara goma sha biyar ne. Ya yi wa hukuma aiki har ya yi ritaya a 1977, ya ratsa juyin mulkin 1968 da ya kawo Musa Traore, kuma hotunan waɗannan shekaru na hukuma ne, ba su cikin waɗanda ake nunawa. Ana cikin haka ɓarayi suka kwashe kayan aikinsa na shago. Ya koma abin da hannunsa yake so tun da can, gyaran inji da babura. Sannan hoto mai launi ya shigo da injinan da ke wanke fim cikin awa guda, suka kashe kasuwar masu baƙi da fari daga Bamako har Kumasi. Shi bai taɓa son mai launi ba.

Da labarin ya tsaya nan, da tsoho ne kawai mai gyaran babur a Bamako-Kura, wanda tsofaffin unguwa suke tunawa ya taɓa ɗaukar su.

A 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka a birnin Niyok na Amurka, wanda Susan Vogel ta shirya. A ciki aka rataya wasu hotuna daga Bamako, a ƙarƙashinsu aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba. Mutumin yana raye, yana da adireshi, rabin garin Bamako sun san ƙofar gidansa, amma a Niyok ba shi da suna. Wani attajiri mai tara kayan fasahar Afirka, Jean Pigozzi, ya ga hotunan suka kama shi, ya tura wakilinsa André Magnin da kwafinsu ya je ya nemo mai su. Da Magnin ya isa Bamako aka kai shi wurin Malik Sidibe, wani mai hoton da ya biyo bayan Saidu, wanda ya yi suna da bin matasa gidajen rawa da bakin kogin Neja da ƙaramar kyamara mai walƙiya, yana kuma gyaran kyamarori a shagonsa. Malik yana gani ya ce aikin Keita ne, ya nuna hanya. Wata Bafaranshiya mai ɗaukar hoto, Françoise Huguier, ita ma ta riga ta san shi a wannan tsakanin, kuma tana cikin waɗanda suka kafa taron masu hoton Afirka da aka fara a Bamako a 1994, wanda ake yi duk bayan shekara biyu.

Aka buɗe akwatin ƙarfe. Nagatif da suka kwana shekara talatin da arba'in a zafin Bamako da ƙurar hunturu suka fito lafiya. Magnin ya zaɓi ɗaruruwa ya tafi da su Faransa. A 1994 aka yi wa Saidu baje koli nasa shi kaɗai a gidauniyar Cartier a birnin Faris. A 1997 aka buga babban littafin hotunansa, aka kuma nuna su a gidan Gagosian na Niyok, ɗaya daga cikin manyan dillalan fasaha na duniya. Ɗan katin da ake sawa a ambulan a aika ƙauye aka mayar da shi ya kai santimita 120 da 180, tsayin mutum, ana sayar da guda a kan dubban daloli.

A nan ne girman fim ɗin nan ya biya. Falle mai 13 da 18 yana riƙe da bayanin da ɗan ƙaramin katin ma bai taɓa nunawa ba. Da aka ƙara girman sai ga zaren saƙa, ga tambarin 'yan kunne, ga jijiyar bayan hannun tsohuwa, duk suna nan tun ranar da aka cire murfi, suna jiran wanda zai duba. Saidu kansa bai taɓa ganin aikinsa da wannan girma ba sai yana da shekara saba'in da wani abu, kuma ya nuna ya ji daɗi ƙwarai. Abin da ke karɓar haske a cikin wayar da ke aljihunka bai fi farcen yatsa ba, sauran kyan da kake gani lissafin kwamfuta ne yake cikawa.

Amma kuɗi in ya shigo, magana takan canza. Manyan hotunan da aka wanke a Turai an ƙara musu ƙarfin baƙi da fari fiye da yadda Saidu yake wankewa a gida, har masana suka shiga gardamar wane ne na ainihi, ƙaramin da mai shi ya biya ya rataya a ɗakinsa, ko babban da ke bangon attajiri. Nagatif ɗaya ne, hannun mai wanki ne ya bambanta. Sannan a ƙarshen rayuwarsa Saidu ya ɓata da waɗanda suka fito da shi, ya koma hulɗa da wani dillali, ya nemi a mayar masa da nagatif ɗinsa da ke Faransa. Bai ga ƙarshen maganar ba. Ya rasu a birnin Faris a watan Nuwamba 2001, yana da kimanin shekara tamanin, ya bar iyali mai yawa da shari'a a kan wane ne ke da ikon wanke hotunansa da sayar da su. A 2016 aka yi masa gagarumin baje koli a Grand Palais, ɗaya daga cikin manyan zaurukan Faris, a shekarar da Malik Sidibe shi ma ya rasu.

Ni abin da ya fi tsaya mini ba rigimar dillalai ba ce. Matar nan da ke kishingiɗe a kan bargo, wadda hotonta ya zaga duniya, a ƙarƙashinsa ana rubuta cewa ba shi da suna. Ita ta biya kuɗin ɗauka. Ta zo ne don ta aika wa wani, ko miji, ko uwa, ko kishiya ta gani ta ji haushi. Kakar wasu ce, kamar tawa. Ba ta san za a rataye ta tsayin mutum a gaban baƙi a wata ƙasa ba, kuma babu wanda ya tambaye ta. A 1991 mai hoton ne ba shi da suna, aka yi tattaki har Bamako aka nemo shi. Yawancin mutanen da ke cikin hotunan har yau ba a nemo nasu ba. Ina jin daɗin ganin duniya tana sha'awar iyayenmu cikin kwalliyarsu, amma ban san yadda zan ji ba in na shiga wani zaure na tarar da kakata da rediyon aro an sa mata farashi.

Yanzu kuma ga shi fim yana dawowa. Kamfanin Kodak, wanda wani injiniyansa mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, shi ne dijital ɗin ta durƙusar har ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2012. Amma a 2018 sai ga shi ya dawo da wani fim mai suna Ektachrome da ya riga ya daina yi, saboda masu nema, kuma a 2024 Pentax ta fitar da sabuwar kyamarar fim fil. Matasan da aka haifa da waya a hannu su ne suke saye. Wani ɗan yayata da ke karatu a Accra ya zo hutu da tsohuwar kyamara a wuya, irin wadda muka yar tun tuni, fim ɗinta hoto 36 yake ɗauka, kuma kuɗin fim ɗaya da wankinsa ya isa cefanen gida na kwana biyu ko uku. Na tambaye shi me ya gani a ciki. Ya ce in ya san saura hoto biyar, sai ya ga yana kallon mutane da gaske kafin ya danna, kuma satin da yake jira kafin a wanke yana masa daɗi. Na yi masa dariya a lokacin, na ce abin da talauci ya tilasta wa iyayenmu shi kake saye da kuɗi.

Ba kuwa zan ce a jefar da waya ba. A zamanin Saidu mutum yakan yi hoto ɗaya ko biyu duk rayuwarsa, wanda ba shi da kuɗin ko ya yi nisa da birni bai yi ko ɗaya ba. Kakana na wajen uba babu wanda ya san kamanninsa sai ta bakin tsofaffi. Yau mai tallan koko tana da hoton jikanta na ranar haihuwa, kuma ɗan da ke ci-rani a Libiya ko Italiya yana ganin fuskar uwarsa duk Juma'a. Fim ma yana lalacewa, ruwa yana cinsa, gara tana cin kati, wuta ba ta barin komai. Bambancin da na gani shi ne nagatif abu ne da ake riƙewa a hannu. Ba ya bukatar caji, ba ya bukatar lambar sirri, in ka ɗaga shi sama wajen taga za ka ga wanda ke ciki. Ana iya mantawa da shi shekara talatin a ƙarƙashin gado a dawo a same shi. Hoton waya kuwa sai an yi ta kula da shi, ana kwashe shi daga wannan na'ura zuwa waccan, ranar da aka yi sakaci ya tafi, kamar na mahaifina.

Na nemi shagon da aka ɗauki kakata, da fatan ko akwai wani akwatin ƙarfe a can ma. Gwaggo ta kwatanta mini kwanar. Yanzu wurin sayar da katin waya ne da tura kuɗi. Wani dattijo mai shago a gefe ya ce mai hoton ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa sun watsu, kuma da za a gyara ɗakin an fitar da kwalaye cike da baƙaƙen ledoji, yara suka yi ta leƙen rana da su, sauran aka ƙone da shara.

Na koma wurin gwaggo da fensir. Hotuna goma sha ɗaya ne a adakar. Muka zauna a tabarma tana faɗa ina rubutawa a bayan kowane kati: wace ce, 'yar wane ce, a wane gari, bikin wa. Ta gane mutanen da ke cikin tara. Biyu ta juya su ta sake juyawa, ta kai su bakin ƙofa wajen haske, ta ce a bari sai ƙanwarta ta zo daga Tamale.